Nakiyar Masu Titi da Rumbunan Garinmu

A shekarar da nake ajin ƙarshe a jami'a, Kano ba ta zaunuwa. Kana cikin aji sai ka ji dum daga nesa, malami ya yi shiru, kowa ya lalubo wayarsa yana neman 'yan'uwansa. Ko tayar mota ce ta fashe a bakin titi, sai ka ga masu sayar da rake sun watsar da baro sun ranta a na kare. Ga tsadar abinci, ga shingen bincike a kowace kwana. Ni kuwa ina karatun injiniyan gine-gine, kuma a cikin wannan halin ne malamin da ke duba aikina na kammala karatu ya kira ni ofishinsa.

Ya juyo mini da kwamfutarsa. Zanen bango ne a tsaye, fari fat, babu komai a kusa da shi.

"Wannan manhaja ce," in ji shi. "Za ki zana mata gini, ki faɗa mata kaurin bangon da abin da aka gina shi da shi. Sannan ki ce mata ga wani abu ya fashe a nesa kaza. Ita kuma sai ta lissafa inda zai tsage da inda zai faɗi, tun ba a aza tubali ko ɗaya ba."

Ya danna. Wani jan abu ya taso daga gefe kamar ruwan da aka jefa wa dutse, ya daki bangon. Tsakiyarsa ta koma ɗorawa, ta koma ja, ta lanƙwashe, sannan ta dare gida biyu. Ban san lokacin da na miƙe daga kujera ba.

"Malam, don Allah a sake."

Ya yi dariya ya sake. Da ya ga ba ni da niyyar ƙoshi, sai ya rufe kwamfutar ya ce duk gine-ginen da ke cikin manhajar nan na kankare ne da ƙarfe, babu wanda ya taɓa gaya mata yadda ginin ƙasa yake.

"Ke 'yar ƙauye ce, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Malam. Ta wajen Ɗanbatta."

"To ga aikinki nan. Ki koya mata katangar gidanku."

Ba a jima ba aka rufe makaranta, aka ce kowa ya kama gabansa sai an neme shi. Na saka kwamfutata a tsakiyar kayan sawa, na hau motar Ɗanbatta, zuciyata fal da murna a lokacin da kowa a motar ke jan tsaki.

Garinmu ƙarami ne, gida na jikin gona, gona na jikin gida, ba ka sanin inda wani ƙauye ya ƙare wani ya fara sai an nuna maka. Baba malami ne, yana koyar da yaran unguwa karatu a zaure, da damina kuma ga shi a gona. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Da na nuna musu bangon nan yana darewa, Baba ya gyara zama yana kallo, Inna kuwa ta dafe ƙirji.

"Abin da kowa ke gudu, shi kika zubo a jaka kika kawo mana? Kada na ƙara jin kalmar fashewar nan a bakinki, ko a soro ko a tsakar gida."

"Inna, zane ne fa. Don a san yadda za a yi gini ya tsare mutane ne."

"Zane ko ba zane ba. Ki ce kina karatun bango."

Haka na koma mai karatun bango. Kuma da gaske bangon ne ya fara ba ni wahala, domin manhajar tana so a gaya mata nauyin da tubalin ƙasa zai iya ɗauka kafin ya marmashe, ni kuwa babu littafin da na samu wannan a ciki. Na ɗebo tsofaffin tubala daga wani kango, na aza katako a kan guda, na riƙa jibga masa buhunan gyaɗa. Tubali ya ƙi ko motsi. Na ƙara da turmi, na ƙara da dutsen niƙa. Shiru.

Ana cikin haka Gwaggo ta yi sallama. Yayar Baba ce, gidanta ne na ƙarshe ta yamma, mace ce mai jiki da baki, ba ta shiga wuri a rasa dariya. Ta tsaya tana kallon tarkacen da na tara.

"Injiniya, me ake toyawa?"

Na yi mata bayani. Ta ce, "Au, nauyi kike nema ina raye?" Ta tattare zaninta ta haye kan buhunan ta zauna daram. Sai muka ji ƙuƙus, tubali ya marmashe, katako ya sulale, Gwaggo ta tafi ƙasa tana salati, ƙafafu a sama. Har Inna sai da ta yi hawaye don dariya. Ranar kasuwa na lallaɓa Gwaggo ta hau sikelin masu awon hatsi, na haɗa nauyinta da na buhunan da na turmi da na dutsen niƙa. Da wannan lissafin na fara, kafin daga baya na maimaita gwajin a kan wasu tubalan ta hanyar da ta fi wannan mutunci.

Babu wutar lantarki a garinmu. A rumfar mai cajin waya ta bakin kasuwa nake aiki, in zauna a benci daga can ciki, kwamfuta a kan cinya, janareto na ruri a bayana. Lissafi guda yakan ci mini tun hantsi har azahar, wani lokacin kuma ana gab da gamawa mai ya ƙare, a koma farko. Ban taɓa jin haushi ya wuce na minti kaɗan ba. Ranar da katangar ƙasa ta farko ta tsaya a fuskar kwamfutata, da kaurinta a ƙasa da sirantarta a sama kamar tamu, ji na yi kamar na haifi ɗa.

Bayan an gama girbi, an ɗaure dammuna an cika rumbuna, sai ga labari: titin da ake ginawa zai bi ta yammacin gari, kuma dutsen da ke can ya tare hanya, za a fasa shi da nakiya. Dutse ne shimfiɗaɗɗe da muke shanya kuɓewa a kansa muna yara, tsakaninsa da gidajen ƙarshe gonaki biyu ne kacal. Masu aikin sun zo da jami'an tsaro wurin mai gari, suka ce ranar da za a fasa kowa ya fita zuwa filin idi da dabbobinsa, in an gama a dawo.

Fitar ba ita ta tayar da hankalin mutane ba. Rumbunan ne. Yawancinsu a bayan gidajen yamma suke, suna kallon dutsen, kuma abincin shekara ne a ciki, a shekarar da kwanon gero ya fi ƙarfin mai iyali. In rumbu ya rushe, gero ya cakuɗe da ƙasa, an shiga uku. In kuma za a kwashe, a kai ina? Wa zai sauke dammunan gari guda, ya yi gadinsu daga awaki da ɓeraye, ya sake mayarwa? A masallaci maganar ke nan, a bakin rijiya ita ce.

Ni fa tun da na ji, zama ya gagare ni. Na sami Baba bayan la'asar yana feƙe alƙalami.

"Baba, zan iya lissafawa."

"Lissafa me, Uwata?"

"Abin da zai sami rumbunan. Da masallaci. Da kowace katanga ta yamma. In dai masu aikin za su gaya mini ƙarfin bugun."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ajiye wuƙar ya ce in sako hijabina.

Injiniyan kamfanin dattijo ne mai furfura, muka same shi a gindin wata ɗorawa kusa da injinansu. Da ya ji yarinya na tambayar nakiya, sai fuskarsa ta canza, ya waiga hagu da dama. A wancan zamanin ba shi da laifi. Baba ya gaya masa ko shi wane ne, ni kuma na buɗe kwamfuta na nuna masa katangata ta ƙasa. Ya ciro tabarau ya durƙusa yana kallo.

"Wa ya ba ki ƙarfin tubalin nan?"

"Gwaggona ce, ranka ya daɗe. Zama ta yi a kai."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ba zai gaya mini komai a kan ita kanta nakiyar ba, kuma ba na bukata. Amma ya faɗa mini ƙarfin iskar da suke tsammanin za ta iso gidajen farko, da yadda ƙasa za ta girgiza, ya kuma ja kunnena kada in manta da girgizar, domin ta fi iska yi wa tsohon gini illa.

Kwanakin da suka biyo baya, ban san na taɓa jin daɗin aiki irinsu ba. Na zaga yammacin gari da igiyar awo, ina auna kauri da tsayi, mata na leƙowa ta kan katanga suna tambaya ko gwamnati ce za ta raba siminti. Na zana rumbun Baba da ƙafafunsa na duwatsu da hular ciyawarsa. Na zana masallaci, da ɗakin shan magani mai tagogin gilashi, da wani sabon shago na bulo da aka gina a bakin hanya, da katangar Gwaggo. Na jera su kamar yadda suke a ƙasa, na saki bugun.

Da na ga abin da ya faru da rumbu, ihu na yi a cikin rumfar caji, har masu jiran waya suka zabura. Jan nan ya taso gadan-gadan, yana isa jikin rumbun sai ya rabu biyu, ya zagaye shi ta dama da hagu ya haɗe a baya, kamar ruwan kwata ya sami tulu a hanya. Rumbun ya ɗan yi ɗorawa ya koma shuɗi, alamar babu abin da ya same shi. Da'irarsa ce ta cece shi, babu shimfiɗaɗɗiyar fuskar da iska za ta mara, ga kuma nauyin hatsi ya danne shi. Na ƙara ƙarfin bugun fiye da abin da injiniya ya faɗa. Hular ta tashi, rumbu na nan. Na riƙa kiran mutanen da ban ma sani ba ina cewa, "Malam, zo ka gani! Don Allah zo ka gani!"

A zauren mai gari aka yi zaman. Na rakuɓe kusa da Baba, aka ɗora kwamfuta a kan kujera 'yar tsugune, dattawa suka yi mata da'ira. Da zane ya fara motsi sai na manta da kunya. Na ce rumbuna za su tsaya, a dai ɗaure hulunansu da igiya. Masallaci kaurinsa ya ishe shi, sai dai yaɓe ya zubo. Tagogin ɗakin shan magani a bar su a buɗe. Shagon bulo kuwa dogon bangonsa siriri ne, babu ginshiƙi a tsakiya, kuma ya ba dutsen fuska sosai, zai tsage in ba a tokare shi ba.

Mai shagon ya ɓata rai. "Siminti ne zai tsage, ƙasa ta tsaya? Yarinya, ki dai sake dubawa."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Ni tambayata, wannan ba duba ba ne? Yaya za a ce ga abin da zai faru jibi?"

Kafin in buɗe baki Baba ya amsa. "Gaibu na Allah ne shi kaɗai. Wannan lissafi ne. In ka ga jaki ka ga kaya, ai kana iya cewa zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba, ba ka yi duba ba." Ya juyo gare ni. "Amma ke ma, Uwata, tun ɗazu kina ta za su tsaya, za su tsaya. Ina in sha Allahu?"

"In sha Allahu, Baba."

Aka yi dariya. Mai gari ya ce ba zai tilasta wa kowa ba, mai son kwashewa ya kwashe. Sannan ya tambayi Baba shi me zai yi da nasa rumbun.

"Allah ya ja zamaninka, nawa yana nan yadda yake. Na ga aikin da ta yi da idona."

A nan ne murnata ta haɗu da tsoro. Gidaje kaɗan ne suka kwashe, sauran duk suka bi Baba. Abincin gari guda ya koma kan tubalin da Gwaggo ta zauna a kai. Na kira malamina a waya na karanta masa duk abin da na saka a lissafin. Ya yi mini tambayoyi, ya ce bai ga kuskure ba, amma in tuna kwamfuta abin da aka gaya mata kawai ta sani. Inna, wadda ta hana a ambaci kalmar, ita ce ta riƙa tura mini tuwo gaba tana cewa in ci, wanda ya auna ya auna, saura na Allah.

Ranar ta zo. Tun da hantsi gari ya ɗunguma zuwa filin idi, awaki na kuka, kaji a cikin akurki, tsofaffi a kan amalanke. Sai wurin ya koma kamar sallah, har da mai sayar da ƙosai. Mai shagon bulo, duk da musunsa, na gan shi da sassafe yana tokare bangonsa da azara. Na sami tudu na tsaya, hannuna a cikin na Gwaggo.

Aka busa jiniya. Filin ya yi tsit, ko jariri bai motsa ba.

Ƙasa ce ta fara gaya mana. Na ji ta a tafin ƙafata, kamar an ja tabarma a ƙarƙashina. Sannan dutsen ya kumbura ya tashi, sai ƙarar ta iso, ba guda ba, a jere, rugugugum, ta daki ƙirji. Tsuntsayen duk bishiyoyin gari suka tashi lokaci ɗaya. Mata suka ɗauki salati. Ni kuwa abin da ke bakina shi ne, "Ƙasa ta riga iska! Ta riga iska!" domin haka lissafin ya nuna, kuma ga shi na ji a jikina.

Da aka ba da izinin komawa, ban tsaya jiran kowa ba. Na tattare hijabi na zuba da gudu ta cikin karan dawa, abin da rabona da yi tun ina firamare. Na karya kwanar gidanmu, sai ga rumbun Baba a tsaye, hularsa ta ɗan karkace kamar ta ɗan gaye. Na zagaye shi ina shafawa, babu ko tsaga. Na wuce na maƙwabta, shi ma haka. Na gaba ma haka. Ina gudu ina ƙwala wa mutanen da ke tahowa, "Suna nan! Duk suna nan!" Guɗa ta kaure daga baya. Masallaci ya zubar da yaɓe ta yamma. Gilashin ɗakin shan magani lafiya lau. Bangon shagon bulo ya tsage daga sama har kusan rabi, a tsakiya, inda kwamfuta ta yi ja, azarar ce ta hana shi kifawa. Mai shagon ya tsaya yana kallon tsagar yana kallona, ya ce, "Lallai. To, Allah ya yi miki albarka."

Ina cikin wannan sai na ji muryar Gwaggo daga ƙarshen layi.

"Injiniya! Ina injiniya? A kira mini injiniya!"

Katangarta ta yamma, wadda na ce ko gezau ba za ta yi ba, tana kwance shame-shame a ƙasa. Gidan ya zama fili, ana hango gadonta daga gona. Allah ya taimaka babu kowa a ciki, ko kaza ba ta mutu ba. Ta riƙe ƙugu tana jirana.

"Ke da kika ce in kwantar da hankalina? Ga shi katangar ce ta kwanta."

Na tsuguna a gindin katangar, kunya ta rufe ni. Sai na lura ba ta tsage ta sama ba, daga tushe ta karye, kamar an yanke ta da wuƙa. Na sa hannu na damƙi ƙasar wurin. Danshi ne sharkaf, tana dunƙulewa a hannu kamar ƙullun fura, alhali rabon sama da ruwa an daɗe.

"Gwaggo, me ke bayan nan?"

"Makewayina mana. A nan nake wanka, a nan nake wanki, tun kafin a haife ki."

Ni ta waje na auna katangar, ta waje kuwa a bushe take ƙayau. Na ba ta ƙarfin busasshen tubali, alhali ruwan wankan shekaru ya jiƙa gindinta ta ciki. Da girgiza ta zo sai ta sami laka.

Ban san lokacin da kunyar ta gudu ba. Na miƙe da dunƙulen ƙasa a hannu ina cewa, "Danshi ne! Gwaggo, danshi ne! Ban gaya mata danshi ba!"

"Ji 'yar nema. Gidana ya rushe tana murna."

Aka kwashe da dariya, ita ma ta kasa riƙewa. Nan take maza suka kawo zana aka kewaye mata, mai gari ya ce za a yi mata gayya a tayar da katanga, injiniyan kamfani kuma ya aiko da tifar ƙasa.

Washegari da sassafe ina rumfar caji, tun mai ita bai gama shara ba. Na jiƙa tubala a daro na gwada ƙarfinsu, ya ragu ƙwarai. Na koma zanen katangar Gwaggo, na raunana gindinta daidai tsayin da danshin ya kai, na saki bugun, na zauna ina jira har azahar. Da sakamako ya fito, ja ya taru a tushe, ya bi layi guda, katangar ta karye daga ƙasa ta kwanta ta gefen gona, yadda na same ta jiya.

Na kira malamina, maganata na hawa kan juna. Ya ce in nutsu in faɗa a hankali. Da na gama ya ce wannan katangar da ta faɗi ta fi duk rumbunan da suka tsaya amfani ga aikina, in ɗebo masa ƙasar wurin, jiƙaƙƙiya da busasshiya, kada in bari ta sha iska.

Na ɗaure su a leda na zuba a buhu. Da aka buɗe makaranta, direban motar Kano ya so ya jefa buhun a but tare da kajin wani, na ce atafau. A kan cinyata na riƙe shi har tasha, wata Hajiya da ke kusa da ni tana ta tambaya ko tsarabar daddawa ce.